Keto a Zango: Sikeli Ba Ya Auna Jijiya



Wata sabuwar fatawa ta shigo mana gari, kuma ba malami ne ya ba da ita ba, ba likita ba ne. Ta waya ta shigo, ta WhatsApp da TikTok, ga kuma abin da ta ƙunsa: tuwo guba ne, koko guba ne, wake da shinkafa guba ne, fura ma haka. Wai mai son lafiya ya bar su duka, ya koma ga ƙwai da nama da man shanu da man kwakwa, ya ci har ya ƙoshi. Sunan wannan tsari keto. Masu tallarsa hujjarsu hotuna biyu ne, ɗaya na mace da tumbi, ɗaya kuma nata bayan wata uku ta zama kamar budurwa. A ƙasan hotunan akwai lambar da za a tura kuɗi ta waya.

Maganarmu a kan wannan guda ce, kuma a kanta za mu tsaya har ƙarshe. Sikeli nauyin jiki yake aunawa, ba ya ganin abin da ke taruwa cikin jijiyar jini. Duk wanda ya ɗora mutum a kan cimar kitse ba tare da ya tura shi gwajin jini ba, caca yake yi da zuciyar wani, ya kuma karɓi lada a kan cacar. Wannan cin amana ne, ko da wanda ya yi shi ɗan gida ne, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Sai mu fara da sanin asalin abin, tun da masu tallar ba sa faɗa. Keto ba don rage ƙiba aka ƙago shi ba. A shekarar 1921 wani likita mai suna Russell Wilder, a asibitin Mayo na Amurka, ya tsara shi don yara masu farfaɗiya. An daɗe da lura cewa yunwa tana rage musu faɗuwa, to amma yaro ba ya rayuwa da yunwa, sai aka nemi cimar da za ta sa jiki ya ɗauka yunwa yake ji alhali ana ci. Dabarar ita ce a hana jiki sitaci da suga. Idan ya rasa su, hanta takan juya ga kitse ta narka shi, ta fitar da wasu sinadarai da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa ta riƙa aiki da su. Har gobe ana yi wa masu farfaɗiyar da ta gagari magani wannan tsari, amma a hannun likita, da awon kowane cokali, da gwajin jini a kai a kai. Magani ne, kuma kowane magani yana da ƙa'ida da illa. Daga baya, musamman bayan littafin likita Robert Atkins na 1972, aka fitar da shi daga asibiti aka kai shi kasuwar masu neman ramewa. A yadda ake yin sa yau, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin abincin mutum daga mai yake fitowa, sitacin yini guda kuma ba ya wuce giram 50. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kusa cinye wannan rabo duka.

Gaskiya ce mai keto yana ramewa, kuma da sauri. Gaskiya ce sugan jininsa yakan sauka, haka wani nau'in maiƙon jini da ake kira tiraigilisaraid, kuma kolestarol mai amfani, wanda likitoci ke kira HDL, yakan ɗan ƙaru. Ba mu musun ko ɗaya. Sai dai a sani, kilon farko da ke zubewa cikin makon farko mafi yawansa ruwa ne, domin sugan da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan ninki uku na nauyinsa, in ya ƙare ruwan ya fita ta fitsari. A kuma sani, idan aka bi mutane shekara guda ko biyu, bambancin da ke tsakanin mai keto da wanda ya rage cinsa ta wata hanya yakan ƙanƙance ƙwarai, don kaɗan ne ke iya jurewa. Ba a nan ma matsalar take ba. Tana cikin layin da ba a karantawa a takardar gwaji, wanda aka rubuta LDL.

Kolestarol wani maiƙo ne da jiki ke buƙata, kuma hanta ce ke yin mafi yawansa. Tun da mai ba ya gauraya da ruwa, sai an ɗora shi a kan wasu ƙananan ƙwayoyi kafin ya bi jini, LDL kuwa shi ne babban mai dakon. Hanta tana da ƙofofin da take janye LDL daga jini ta cikinsu. Gano waɗannan ƙofofi ne ya sa aka ba Michael Brown da Joseph Goldstein kyautar Nobel a 1985. Man da ke daskarewa, irin su man shanu, kitsen nama da man kwakwa, yana sa hanta ta rage waɗannan ƙofofi, sai LDL ya yi yawa yana yawo. Kowace uwar gida ta san wannan mai ba tare da karatu ba: shi ne wanda ke yin fari a saman miya idan ta kwana, ko ya sandare a kwalba da sanyin hunturu. Man kwakwa fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa irin wannan ne, man ja kusan rabi, man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba.

Mutumin Nima ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan toshewa. Babbar gotar da ta ratsa tsakaninmu da Mamobi ba rana ɗaya take cika ba. Leda ɗaya yau, yashi kaɗan gobe, ruwa yana wucewa kowa yana harkarsa, har ranar da sama ta buɗe. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015 a nan Ankara ya san ƙarshen magudanar da aka yi wa sakaci. Na jijiya ya fi wannan ɓoyuwa, domin LDL cikin bangon jijiyar yake kutsawa ya zauna, shekara da shekaru, bangon yana kumbura, hanya tana matsewa. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba wata alama. Rana ɗaya kumburin ya fashe, jini ya daskare a wurin. In a jijiyar zuciya ne, shi ne bugun zuciya. In a ta ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Sai mu taru a ƙofar gida mu ce jiya ma tare muka yi sallar isha'i.

To me keto ke yi wa LDL? A wasu ba ya taɓa shi sosai, a wasu yana ɗaga shi kaɗan, a wasu kuma yana ninka shi. A Jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin an gwada 'yan mata 17 masu lafiya, marasa ƙiba, aka ɗora su kan keto mako huɗu, aka wallafa sakamakon a 2021: babu ko ɗaya daga cikinsu da LDL ɗinta bai tashi ba. An ma lura siraran mutane ne nasu ya fi tashi, wato samarinmu masu ɗaga ƙarfe da 'yan matanmu masu shirin aure, waɗanda suke ganin su ne suka fi kowa nisa da haɗari. A 2023 likitoci daga birnin Bankuba na Kanada suka gabatar da bincike a kan bayanan mutanen Birtaniya: mutum 305 masu cima mai kama da keto, an kwatanta su da 1,220 masu cin abinci na yau da kullum, an bi su kusan shekara 12. A cikin na farko kusan kashi 10 cikin ɗari suka gamu da matsalar zuciya ko shanyewar jiki, a cikin na biyu kashi 4 da ɗoriya. Irin wannan bincike ba ya yanke hukunci shi kaɗai, amma hayaƙi ne, kuma mai hankali ba ya jiran harshen wuta. A wannan shekarar dai Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta auna shahararrun tsare-tsaren cima guda goma da ma'aunin lafiyar zuciya, keto ya zo na ƙarshe da maki 31 cikin 100. Har yau kuma ba a yi wani dogon gwaji da ya nuna keto yana rage bugun zuciya ko yana ƙara tsawon rai ba. Wanda ya ce an yi, hujja a kansa take.

Kada wani ya ce wannan duk zancen Turawa ne, jikinmu daban. An yi namu. Akwai babban bincike mai suna SIREN, wanda likitocin Gana da Nijeriya suka gudanar a asibitoci 15, ciki har da na Ankara da Kumasi da Kano da Zariya, aka wallafa shi a 2018. Sun ɗauki mutum 2,118 da suka samu shanyewar jiki, suka kwatanta kowane da takwaransa mai lafiya, suka jera dalilai goma sha ɗaya bisa girman rabonsu. Na farko hawan jini, da tazara mai nisa. Na biyu lalacewar maiƙon jini. Na uku yawan cin nama a kai a kai. Bayansu tumbi da ciwon suga, sannan ƙarancin cin ganye. Jama'a, a sake duban na biyu da na uku, sannan a dubi kwanon mai keto. A ƙasar da fiye da mutum ɗaya cikin kowane manya huɗu ke da hawan jini, da yawa kuma ba su ma sani ba, a ce a ƙara musu nama da man shanu? Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Mun ji shubuhohin masu tallar, kuma kowace tana da amsa.

Suna cewa ai Fulani da nono da man shanu suke rayuwa, ga su nan garau. An bincika wannan ma. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa nazari a kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos, suka tarar kusan rabin ƙarfin abincinsu daga mai yake, amma maiƙon jininsu lafiya lau. Sai dai su kansu masu binciken sun faɗi dalili: abincin da Bafulatanin daji ke ci a yini kaɗan ne, kuma wuni yake yana tafiya bayan shanu. Sannan nonon da fura yake damawa, furar kuma gero ce, wadda keto ya haramta. Wanda yake son hujjar Bafulatani sai ya ɗauki sandarsa da tafiyarsa da ƙaramar ƙwaryarsa. Alhajin da ke wuni a kujerar shago, ya shiga mota zuwa masallacin da ke bayan layi, ba shi da rabo a wannan hujja.

Suna cewa zancen kolestarol ƙarya ce da kamfanonin magani suka shirya don su sayar da ƙwaya. Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rushe wannan. A 1913 Nikolai Anichkov a Rasha ya nuna kolestarol yana toshe jijiyar zomaye. A 1948 aka fara bin mutanen garin Framingham na Amurka, inda alaƙar ta bayyana a jikin ɗan Adam. A 1972 mutanen Karelia ta Arewa a ƙasar Finlan, waɗanda mazajensu ke faɗuwa da ciwon zuciya suna tsakiyar ƙarfinsu, suka fara sauya man shanu da man tsiro, suka rage taba da gishiri. Cikin kusan shekara 40 mutuwar magidanta da wannan ciwo ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ƙwayar sitatin da ake zargi kuwa sai 1987 ta shiga kasuwa. Akwai kuma shaidar da ba kamfanin da ya isa ya saya: kusan mutum ɗaya cikin 250 ana haifarsa da gadon LDL mai yawa, kuma irin waɗannan gidaje su ne ake binne mazansu da shekara arba'in da wani abu. A yawan jama'ar Nima da Mamobi, lalle akwai ɗaruruwan masu wannan gado da ba su san da shi ba. Idan ɗaya daga cikinsu ya shiga keto, wa zai ɗauki alhakinsa? Abin dariya ma, mai zargin likita da son kuɗi shi ne yake sayar da jadawalin abinci da garin almon da kwalbar man kwakwa da shayin rage tumbi. Kowa ya ga mai kaza a aljihu.

Suna cewa keto ɗan'uwan azumi ne, har suna jingina shi da sunna. A nan ne haƙurinmu ya ƙare. Azumi yana da sahur, yana da buɗa-baki, yana da kwana 29 ko 30, sannan a ga wata a yi Salla. Da me muke buɗe baki? Da dabino, wanda keto ya kora. Me ya fi yawa a gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam? Sha'ir da dabino da ruwa, nama sai jefi-jefi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin raba ciki kashi uku, ya ji hanin israfi a Suratul A'araf, wanda ya kai Muwaɗɗa kuma ya ji gargaɗin Sayyidina Umar a kan sabo da nama. Koyarwar addini a kan ci ita ce daidaito da ƙaranta loma. Ba mu san inda ta ce a bar hatsi a rungumi kitse ba. Mai son yin keto ya yi da sunan keto, ya bar sunna inda take.

Akwai waɗanda wannan tsari zai iya kai su kabari cikin kwanaki, ba sai an jira shekaru ba. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, ko yake shan irin su gilibenkilamaid, idan ya yanke sitaci dare ɗaya bai rage magani a hannun likita ba, sugansa na iya faɗuwa ya suma. Masu shan sababbin ƙwayoyin nan da ke fitar da suga ta fitsari, irin su empagliflozin, jininsu na iya yin tsami mai kisa ko da awon suga bai nuna hawa ba. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda ko hanta, duka ba wurin gwaji ba ne. Wace mai sayar da jadawali ce ta taɓa tambayar Hajiya irin maganin da take sha kafin ta karɓi kuɗinta? A Gana aikin tsara wa marar lafiya abinci sana'a ce mai karatu da lasisi. Wanda ya yi wata uku ya rame bai zama masanin abinci ba, kamar yadda wanda ya warke daga zazzaɓi bai zama likita ba.

Kada a fahimce mu a karkace: ba mu ce a zauna da ƙiba ba. Tumbi da suga suna cikin jerin SIREN, kuma sun yi mana katutu. Binciken RODAM, wanda Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amstadam ya jagoranta tsakanin 2012 da 2015, ya auna 'yan Gana a ƙauye da birni da Turai. Matan da ƙibarsu ta wuce kima kashi 8 ne cikin ɗari a ƙauye, kashi 34 a birni, kashi 54 a Landan. Jini ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce. Kuma matar ƙauye ta fi duka cin sitaci, rogo da doya da ayaba safe da yamma. In da hatsi da saiwa ne masu laifi, da ita ce za ta fi kowa ƙiba. Abin da ya bambanta su shi ne abin da birni ya ƙara a kwano, da abin da ya rage a ƙafa.

Kakanninmu da suka kafa zangunan nan da ƙafa suka zo, daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta Salaga, watanni suna tafe da jakuna a kan hanyar goro, guzurinsu gero. Geron bai canza ba. Abin da ya canza kowa ya san shi. Kokon da ake zuba wa suga cokali huɗu, a haɗa da burodi fari mai suga. Atayar da samari ke kwana suna sha a majalisa, rabin buta suga. Lemon kwalba a suna da aure da addu'a, katan-katan. Waken da aka mayar 'yan ƙwayoyi a cikin tudun shinkafa, aka ɗora taliya da gari da soyayyen nama, aka malala mai har yana ɗiga daga ganye. Dunƙule uku a tukunya ɗaya, bayan gishiri. Taliyar leda da ƙwai da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Okada daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Masu keto sun ga wannan ɓarna, kuma sun yi daidai da suka kori suga da farin burodi. Laifinsu shi ne sun haɗa da mai gaskiya suka kora, suka buɗe wa kitse ƙofa ya shigo da kayansa.

Mai gaskiyar nan kuwa shi ne abin da muka ciyar da Gana da shi. Daga Ankara har Bolga, Ashanti da Ga da Ewe duk da sunayenmu suke kiran abincin safe da na rana: koko da ƙosai, tuwon zafi, fura, da waakye, wanda ba komai ba ne illa wakenmu a bakin maƙwabta. Wake yana da furotin, yana da zaren da ke kama maiƙo a hanji ya fita da shi, yana rage LDL, yana kuma hana suga hawa da gaggawa. Yauƙin kuɓewa ma irin wannan aiki yake yi. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba suna riƙe ciki su daɗe. Ayoyo, alayyafo, kuka, zogale da ganyen kontomire su ne ganyen da SIREN ya ce rashinsu na jawo shanyewar jiki. Gyaɗa da kifi suna da man da zuciya ke so. Ƙa'idojin cima da gwamnatin Gana ta fitar a 2023 ba su kori hatsi da wake ba, suga da gishiri da yawan mai suka ce a rage. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya bi dubban mutane kusan shekara 25, ya tarar waɗanda suka fi tsawon rai su ne masu samun kusan rabin ƙarfinsu daga sitaci. Waɗanda suka rage shi suka cike gurbin da nama da kitse mutuwarsu ta ƙaru, waɗanda suka cike da kayan tsiro tasu ta ragu. To da wane dalili za a sa bazawara mai 'ya'ya biyar ta raina mudun waken da take iya saye a kasuwar Nima, ta ci bashi ta sayi garin almon da aka yi dakonsa daga ƙetare?

Wanda ya riga ya shiga, ko ya ƙudura sai ya shiga, ba mu da sandar hana shi, amma muna da sharaɗin da muke roƙo ya cika saboda iyalinsa. Ya je ya yi gwajin maiƙon jini tun kafin ya fara, ya sake bayan wata biyu zuwa uku, ya kai takardun biyu gaban likita. Asibitin Mamobi yana kusa, na sojoji na 37 yana kusa, Ridge da Korle Bu ba nisa. Ya dubi layin LDL da idonsa: ga mai lafiya ana son ya tsaya ƙasa da 3 a awon milimol, ga mai suga ko wanda ya taɓa samun matsalar zuciya ana son ya fi haka sauka sosai, wanda ya kai 4.9 kuwa ya shiga haɗari babba, ba a kwana da shi. In ya tashi, ya sauya ko ya bari, kada ya tsaya jayayya da takarda. Ya kuma sani rage sitaci ba ya wajabta shan man shanu. Ana iya yi da kifi da gyaɗa da fiya da ganye da man da ba ya daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai mai daskarewa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abinci, gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya. Kuɗin gwaji sau biyu bai kama ƙafar kuɗin jinya a Cibiyar Zuciya ta Korle Bu ba, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, kuma duk wanda ya taɓa zagayawa da takardar taimako a masallaci don aikin zuciyar ɗan'uwa ya san abin da muke faɗa.

Saura kira ga masu faɗa a ji. Sarakunan zango da limamai, Allah ya ƙara muku girma, yadda ake tsayar da jama'a bayan Juma'a don sanarwar aure da rasuwa, a tsayar da su don awon jini. A gayyato ma'aikatan lafiya harabar masallaci, daga babban masallacin Kanda har na cikin lungu, ko sau ɗaya a wata uku, musamman kafin azumi da bayan layya. Magajiyoyi da shugabannin ƙungiyoyin mata, ku ne kuke riƙe da zaurukan WhatsApp ɗin da wannan talla ke yawo a ciki. Duk wadda ta kawo jadawalin abinci ku tambaye ta lasisinta, in babu a goge. Iyayenmu masu tukunyar wake da shinkafa, ku da kuka riƙe sunan zango a bakin titi shekara da shekaru, a ƙara wake, a ƙara ganye, a rage ludayin mai. Masu biki, ruwa da zoɓo marar suga ba abin kunya ba ne. 'Yan'uwanmu na Bronx da Hambog da Landan, kafin ku aiko wa Mma da kwalbar mai da bidiyon wani mai surutu, ku aiko mata da kuɗin gwaji da na'urar awon hawan jini.

Ku kuma masu tallar, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, mun san gari ya yi zafi, neman halali kuma ba laifi ba ne. Amma hoton wanda ya rame kuke nunawa, ba ku taɓa nuna takardar jininsa ba. Ku fara nuna ta, ta kafin da ta bayan, ko ku nemi wata sana'a. Jikin mutum amana ce da za a tambaye shi a kanta, za a kuma tambayi wanda ya ba shi shawara ba da sani ba. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a ƙwaryar kowane gida na zango.